Firigon da na ƙi buɗewa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka bugo mini waya: Mariyama ta rasu. Hatsarin mota, a hanyar Maraɗi.



Maƙwabciyata ce nan Madarumfa, tare muka yi lakwal, makarantar boko. Ni na tsaya ga saida zoɓo da ƙanƙara, ita ta wuce jami'a. Bincike take a kan ƙwan cikin kaza, waɗannan ƙwanduwoyin da kike tararwa in an yanka, manya da ƙanana. So take ta gano abin da ke sa su tsaya da girma in bazara ta yi, kaji su bar saka.

Duk gidan suna ko buki sai ta je kafin a fiɗe kaji, ta roƙi ƙwan cikin. Abin da masu girki ke soyawa su ci a ɓoye fa! Har garin Gabi ta sha zuwa a kan moto saboda kaza guda. Mata na ganinta su ce, ga mai hana mu daɗi ta iso. Ta yi ta dariya.

Da kajina suka bar saka na ce zan yanke su, ita ta hana ni, ta zo da kanta ta yi musu rumfa.

Gidansu ba firigo, don haka kwalaben da take aje ƙwan binciken na cikin nawa, duk wahalarta. Jiya ta kawo na ƙarshe. Ta ce, "Hadiza, in kuran ya tafi, kar ki buɗe ko don wa. Sanyin ya fita, aikina ya mutu."

To, kuran ɗin, wutar lantarki, ya tafi tun hantsi, har yanzu shiru.

Ɗazu gwaggonta ta shigo da bokiti, wai Inna, uwar Mariyama, ta ce in ba da ƙanƙara don masu gaisuwa. Kun san rana yau. Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, ba ni buɗewa." Ta dube ni ta ce, "Ke? Yau?" Ta ɗauki bokitinta ta fita. Wallahi ban taɓa jin kunya irin wannan ba, na zauna gindin firigon na yi ta kuka.

Don Allah, duk mai babbar kula da zai shiga Maraɗi yanzu, ya yi mini magana in kai wa malaminta na jami'a kwalaben. Jikin firigon ya fara ɗumi. Sai na miƙa amanar nan zan iya shiga in dubi idon Inna.

Allah ya jiƙanki Mariyama, ya sanyaya makwancinki, ya ba Inna haƙuri. Wanda ya karanta, kar ya wuce bai yi mata addu'a ba.