Ɗamarar da Na Ɗaura wa Haro

Samari, ku yi haƙuri da rubutuna, a aji uku na tsaya. Ba zan faɗi sunana ba, tunda waɗanda suka san ni a Kiru da Tudun Wada da Doguwa ba da sunan yanka suka san ni ba. Malam Koriya suke ce mini. Ban taɓa zuwa Koriya ba. Iyakar nisan da na yi a duniya Zariya ce, ita ma a bayan motar rake.

A wani ƙauye kusa da Bebeji aka haife ni. Babana manomi ne, mutumin da ko kazar wani ce ta yi ƙwai a gidanmu sai ya bi gida gida ya mayar. Ban gado shi ba. Ni kwaikwayo Allah ya ba ni. Na iya tafiyar hedimasta, na iya tarin mai unguwa, na iya muryar kakata Bafulatana idan tana ƙirga ƙoren nono. Sai a yi ta dariya, mai ƙosai ta ƙara mini, mai shayi ya ce in bar kuɗin kawai. Tun ina ƙarami na lura cewa mutumin da ya buɗe baki yana mamaki yakan manta da aljihunsa.

Da na girma na tafi Kano cin rani, na samu aikin shara a wani babban ɗaki da ake koyar da takwando, wasan faɗa na mutanen Koriya. Fararen kaya suke sawa, ba takalmi, su yi ta shuri sama da kai suna ihu. Malaminsu, wanda suke kira Masta, siririn mutum ne marar hayaniya. Ɗalibi yakan fara da farar ɗamara, ya sha wuya shekara da shekaru ana canza masa launi, kafin ya kai ga baƙa. Magana biyu Masta yake yawan nanatawa, ina shara ina ji. Yakan ce, "Ɗamarar nan aikinta ɗaya ne, ta riƙe maka riga kada ta buɗe." Yakan kuma ce, "Wanda ya zaro maka ƙarfe, ka ba shi hanya. Ƙafar da na koya wa shuri ta iya gudu ma."

Mutumin nan bai rage ni da komai ba. Wata rana ya ce, "Ɗan Bebeji, ajiye tsintsiyar nan ka shigo layi, ba zan karɓi komai a hannunka ba." Na shiga. Kafin mako ya zagayo cinyoyina suka yi tsami, ko tsuguno sai da dabara. Na koma wa tsintsiyata. Amma tsayuwarsa, da sunkuyon gaisuwarsa, da ihunsa, duk na kwashe su tsaf.

Ana gab da Sallah sai na ga kayansa a shanye a igiya, har da baƙar ɗamarar. Na ce wa zuciyata hoto kawai zan ɗauka in mayar. Kayan da ban mayar ba ke nan har yau.

Kiru na sauka, inda ba a san ni sosai ba. Ranar Sallah da la'asar na fito fili cikin fararen kaya, na sunkuya, na kurma ihu, na fasa katako da hannu. Kafinta ne ya riga ya ci mini rabinsa da zarto ta ƙasa, muka shafe wurin da toka. 'Yan acaɓa suka kashe babura suka zo kallo. Ni da ban taɓa jin an ce mini ranka ya daɗe ba, ranar na ji har na ƙoshi. Washegari samari suka zo in koya musu.

Na koya musu abin da nake da shi, wato ihu. Matsala ɗaya, Masta da yaren Koriya yake ƙirga shuri, ni kuwa huɗun farko kaɗai na riƙe: hana, dul, set, net. Da na iso biyar sai na ji wayam. Sai muryar kakata ta faɗo mini, na ɗora da Fulatanci ina maƙale murya: jowi, jowego, joweɗiɗi. Samarin suka amsa da ƙarfi, ba wanda ya gane.

Da a nan na tsaya, da abin bai wuce a yi mini dukan kawo wuƙa a kore ni ba. Sai ga wani tsohon ɗan tauri ya zo kallo. Ya kama bakin ɗamarar ya murza, ya shinshina, ya ce, "Yaro, wannan gurun a ina aka ɗinka maka shi? Me aka zuba a ciki?" Kun san guru, ɗamarar nan ta fata mai layu da ake ɗaurawa don kada ƙarfe ya ci mutum. A ƙasarmu duk abin da namiji ya ɗaura a ƙugu ya fito fili da shi, to magani ne. Amsar gaskiya tana bakina, da muryar Masta ma. Sai na yi murmushi na ce, "Baba, ba a faɗa."

Shi ke nan, magana ta zaga gari: gurun Koriya ya fi na gida. Ba wanda ya ƙara son wahalar shuri, kowa ɗamara yake so. Tela ya ɗinko mini su da yawa, marina ta mayar da su baƙaƙe, na ajiye wata dakusasshiyar adda da nake sara cikina da ita a kan ɗamarar. Aka yi ta kawo mini kaji da hatsi da awaki. Idan gari ya fara yi mini kallon tuhuma sai in ƙara gaba. Daga Kiru na yi Ɗansoshiya, daga nan na yi Tudun Wada ina cin kasuwa, har na dangana da Doguwa.

A kasuwar Doguwa na haɗu da Haro, ɗan wani Arɗo, magidanci mai mata da 'ya'ya, dogo, mai yawan dariya. Ina cikin ƙirga wa ɗalibai, na iso jowi, sai na ji wani ya fashe da dariya a bayana.

"Kai, Kaɗo! Mutanen Koriyar nan Fulani ne?"

Bakina dai bai taɓa yashe ni ba. Na ce, "Yanzu ka sani, Ɗan Fulani? Danginku ne, kiwo ne ya yi nisa da su. Daga ɗaya zuwa huɗu suka manta a hanya, sauran suna nan riƙe da shi."

Ya yi dariya har da dukan cinya. Maimakon ya tona ni, sai abin ya sa ya ƙara yarda da ni. Kuma shi da gaske yake son koyo. Shi kaɗai ne yake zuwa da wuri ya yi ta shuri har gumi ya jiƙa shi, ya ce, "Malam Koriya, na yi daidai?" In ce ya yi. Ina na san daidai?

Lokacin ɓarayin shanu sun dami rugagen da ke bakin daji. Haro ya ce yana son baƙar ɗamara, zai ba ni maraƙi. Ya kai ni rugarsu, aka dama mini fura da kindirmo. Mahaifinsa Arɗo ya sa aka ba mu wuri, ya zauna a buzu yana jan carbi, ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce, "Malam, shi kaɗai ne namijin da ya rage mini. Shanu dukiya ce, in sun tafi Allah yana mayarwa. Na ce masa in sun zo ya gudu, ya ce kai ka ce ƙarfe ba zai ci shi ba. Ka ci abincina. Don Allah gaya mini, tsumman nan zai tare adda?"

Samari, ba a taɓa buɗe mini ƙofar tuba kamar ranar ba. Ba mai ji sai ni da tsoho. Da na ce a'a, iyakaci in rasa maraƙi. Na dubi maraƙin a ɗaure, ja ne, mai sheƙi. Na ce, "Allah ya ja zamanin Arɗo, ko gatari ne." Da hannuna na ɗaura wa Haro ita, na yi mata ƙulli irin na Masta.

Ba a daɗe ba, ina shan rake a tashar Doguwa, labari ya iso. Da rana tsaka ɓarayin suka far wa su Haro a mashaya. Sauran makiyaya suka watse cikin daji, babu abin da ya same su. Haro ya tsaya. Ya gyara ɗamara, ya yi ihun da na koya masa, ya ɗaga hannun dama ya tare sara. Shanun sun tafi, hannun ma likita bai iya ceto shi ba, daga gwiwar hannu aka yanke.

Na nemi motar Kano, amma 'yan tasha sun riga ni ji, suka cafke ni suka miƙa wa 'yan sanda. Ranar na gane ashe ko gudun da Masta ya ce ƙafa ta iya, tawa ba ta iya ba.

A kotu aka baje ɗamaru da dakusasshiyar adda da katakon da zarto ya ci. Alƙali ya ce, "An ce ka iya yaren Koriya. Ƙirga mana." Na ƙirga. Da na iso jowi 'yan kallo suka kwashe da dariya, har ɗan sandan da ke riƙe da ni. Arɗo kaɗai bai yi ba. Duk rayuwata dariya nake nema, ranar na same ta, na ji da ma ƙasa ta tsage in shige.

Gidan yari ba wurin ba da labari ba ne, gajiya ce zalla. Sunana ya riga ni shiga. Ranar farko wani ƙato ya ce, "Kai ne Malam Koriya? Tare wannan." Mari ɗaya ya yi mini na zauna a bakin bokitin bayan gida, kuma kwasar bokitin ta zama aikina. Haƙorana suka zube a can, gwiwoyina suka mutu a can. Babana ya rasu ina ciki, aka ce har ya bar duniya ba ya zama a majalisa saboda kunya. A can wani malami da ke zuwa wa'azi ya gyara mini sallah. Na tambaye shi ko Allah zai yafe mini, ya ce, "Tsakaninka da Allah da sauƙi. Hannun mutum fa, sai mai hannun."

Da aka sake ni, furfura ta cinye kaina. Na fara zuwa Kano neman Masta, aka ce ya bar garin tuntuni, ba wanda ya san inda ya koma. Wannan nauyin yana wuyana har gobe. Daga nan na hau motar Doguwa.

Arɗo ya rasu. Na tarar da Haro da hantsi a bayan ruga, shi ma ya manyanta, yana fama da wata maraƙa da ta ƙi tsayawa a yi tatsa. Na yi sallama. Ya dube ni, ya ce, "Malam Koriya. Kana da rai?"

Na durƙusa, na fara jero kalaman da na shirya tun a mota. Ya katse ni.

"Bar wannan tukuna. Zo ka ɗaure mini ita, hannu ɗaya ba ya ƙulli."

Ya miƙo mini igiyar. Sai da na karɓa na gane ta. Ɗamarar ce, baƙin ya koɗe ya koma ruwan toka, bakinta duk ya zare. Na ɗaure maraƙar a turke.

Ya ce, "Tana da ƙwari, a nan dai telanka bai cuce ni ba. Maraƙi take tarewa, ban da adda." Sannan ya buɗe tafin hannunsa na hagu a gabana, yana lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya. "Hana, dul, set, net, jowi. Ka ga inda karatunka ya tsayar da ni. Sauran ƙirgen sai a Koriya."

Ya yi 'yar dariya. Ni na kasa.

Na ce, "Haro, don girman Allah ka yafe mini."

Ya ce, "Mahaifina ya ce in gudu, na zaɓi maganarka a kan tasa, wannan nawa ne. Naka kuwa na yafe, don ina son in tarar da wani abu a lahira. Amma ka sha fura ka tafi, Kaɗo. Kada 'ya'yana su dawo kiwo su tambaye ni ko kai wane ne, ban shirya yi musu ƙarya ba."

Na sha, na tafi. Ban sake komawa ba.

Yanzu ina Bebeji, ina tsaron tumatir da albasar wani a bakin hanya. Wani sa'in nakan ga yara a waya suna kallon masu fararen kayan nan, su tashi suna shurin iska. Ba na hana su, wasa ne mai kyau. Wanda yake so ya nemi malamin gaske, ya shiga layi, ya jure tsamin cinyar da ni na kasa jurewa. Amma ku ji ni, samari. Kada ku ɗauki abin wani da sunan za ku mayar. Kada ku sa rigar aikin da ba ku koya ba, don akwai wanda zai yarda da ku, kuma shi zai biya da jikinsa. Idan aka tambaye ku abin da kuka san amsarsa, kada ku yi murmushi ku ce ba a faɗa. Ku faɗa.

Ni na san amsar tun ina riƙe da tsintsiya. Ɗamarar nan riga kawai take riƙewa.