Robar Sadiq ta ɗauki giɓin babansa

Jiya ina tsaye da butar ruwan zafi, sai ga Baban Sadiq ya cusa robar kare haƙora a baki yana zare ido.

Shi ya saya wa ɗanmu Sadiq ita a kasuwar Ƙaura, tun da anka fasa mai leɓe wurin ƙwallo. Mai shago ya ce a tsoma ta a ruwan zafi, yaro ya cije, ta ɗauki siffar haƙoransa. Gogan naku ya ce bari ya nuna mai yadda ake yi.

Da ya fiddo ta, ga giɓinsa nan daram a jikin roba. Ta tashi daga ta Sadiq.

Na ce, "Haba Baban Sadiq, ka ɓata wa yaro kaya!"

Ya ce, "Da an ba ni irinta a filin ƙwallon Moriki, da haƙorina na nan."

Na ce, "Da ka kalli gabanka ka bar kallon mai tallan fura, da yana nan."

Ni ce mai furar. Ni yake kallo ran da ya yi karo da sandar raga. Da na tuna mai jiya, ya yi dariya har giɓin ya fito, dariyar da hidimar gona da yara ta daɗe da ɓoye mani.

Yau ya sayo wa Sadiq sabuwa, kuma ba fita fili sai da ita. Tsohuwar na wanke ta na jefa akwatina. Ya ce me zan yi da ita, na ce ba ruwansa.

Matan gida, ku me kunka ɓoye a akwati?