Kalmar da Kawu Ya Zaɓa wa Matarsa

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya shekara talatin yana buga wa mutane takardu a wani ɗan shago kusa da gidan waya. Teburi ɗaya ne da kujera biyu, sai tafireta mai ƙarar tsiya, da ƙamus wanda bangonsa ya yage har aka ɗinke shi da zaren buhu. Yana buga takardar haya da ta koke, amma inda ya yi suna shi ne takardar shaida, wadda mai neman aiki ke kaiwa don a san halinsa.

Maigida zai zo da tsohon direbansa, ya ce, "Malam, ka rubuta mutumin kirki ne, shi ke nan."

Sai Kawu ya cire tabarau. "Kirki ta wace fuska? Turanci ba ya son a dunƙule masa magana."

Daga nan karatu ya tashi. A wajensa "useful" na guduma ne da bokiti, ba ya laƙaba wa ɗan Adam. "Helpful" na wanda zai ɗauke maka kaya tun ba ka roƙa ba. "Beneficial" na magani ne, "favourable" kuwa na amsar ofis idan ta zo da daɗi. Sai ya yi wa mutum tambayoyi kamar alƙali kafin ya danna harafi ɗaya. Wani direba ya taɓa ƙosawa ya ce, "Malam, ni fa aiki nake nema, ba aure ba."

Da 'ya'yansu suka girma, matarsa, wadda muke kira Inna, ta ji wata makaranta tana neman mai kula da girkin yara na rana. Kafin aure ta yi wa wata nas girki shekara shida, don haka ta je neman shaida wajenta. Nas ɗin ta tsufa, ido ya yi rauni. Ta ce, "Mijinki ya rubuta, a karanta mini, in gaskiya ce in sa hannu."

Kwana uku takardar tana maƙale a tafireta. Inna ta gaji.

"Malam, ta baƙi minti goma, tawa kwana uku? Ko abin yabon ne ba ka samu ba?"

"Na samu, har ya yi yawa. Kalmar ce ta ƙi zuwa."

"To sa mini ta bokitin mana, in huta."

A rana ta huɗu ya shigo gida da ƙamus a hammata, baki har kunne. Ya nuna mata da yatsa: "indispensable".

"Wato wadda ba a iya komai sai da ita," in ji shi.

Inna ta gwada faɗin kalmar, harshenta ya harɗe. "Wannan ai sunan allura ne," ta ce, ta juya baya tana gyara murfin tukunyar da ba ta buƙatar gyara.

Nas ta sa hannu, makaranta ta ɗauki Inna. Tana fita da sassafe, sai la'asar take dawowa. A satin farko Kawu ya ƙona shinkafa sau biyu, ya zuba gishiri a shayi, wata rana ma ya isa shago da takalma ƙafa daban-daban, sai da mai gyaran agogo na kusa da shi ya nuna masa.

Ran Asabar ya zauna a ƙofar kicin ya yi tagumi. "Da na sani, 'helpful' zan rubuta musu. Wataƙila da sun bar mini ke."

Inna ta yi dariya har da hawaye. Ta miƙa masa wuƙa da albasa. "Taso, Malam. Kai ka zaɓa da hannunka."

Haka ta riƙa koya masa girki duk Asabar. Ta yi shekara goma sha ɗaya a makarantar, shi kuma ya rufe shago lokacin da gwiwa ta fara damunsa. Yanzu in muka je da yara, shi ke shiga kicin. Inna na daga kujera tana cewa ya rage wuta, yana amsa mata da cewa ai ya riga ya rage.