Dusar Gindin Turmi

Ina da shekara tara kawuna ya kawo mini zomo daga kasuwar Gummi, a cikin kwali ɗaure a bayan babur. Fari ne, da baƙin tabo a kunne ɗaya. Tun ranar da ya shigo gidanmu, a wani ƙauye na ƙasar Anka, ban taɓa ganin bakinsa a tsaye ba. In na ba shi ganye ya cinye, ya ɗago yana kallona kamar ban ba shi komai ba. In babu ganye sai ya koma gaigayar itacen akurkinsa. Kaka, mahaifiyar Baba, ita ta raɗa masa suna Rumbu, ta ce amma shi rumbu na gaskiya yana cika.

Ita ce ta tsara masa abinci. Da safe busasshiyar harawa, wannan ba ta ƙayyade ba, ya ci iya son ransa. Da la'asar ganyen dankali ko yaɗiya, cikin tafin hannu biyu, shi ma sai an shanya ya yi yaushi, domin ɗanyen ganye mai raɓa yana kumbura masa ciki. Dusa kuwa, wadda ya fi so duk duniya, ɗan ludayi guda ce a rana, babu ƙari. Kuma komai a cikin sakaina ake zuba masa, ba a ƙasa ba. Da ya lashe dusar sai ya miƙe da ƙafafun baya yana tonon ƙofar akurki, ni kuma raina ya ɓaci.

"Kaka, yunwa yake ji," nakan ce.

"Ba yunwa ba ce, ƙawata. Haƙori nai ka tsiro, shi ya sa yake son tauna. Ƙara mai harawa ki tahi ki bar shi."

Da sanyi ya shigo, bayan an yi sallar magariba an ci tuwo, Kaka takan hura wuta a ƙofar ɗakinta da karan dawa da ɗan guntun itace. Ni da 'ya'yan maƙwabta mu kewaye ta, ƙanena Sanusi, wanda bai cika shekara biyu ba, yana kan cinyarta. Tana da wata irin murya ta tatsuniya, ƙasa-ƙasa, wadda ba ta magana da ita da rana. Baba yakan zauna nesa kaɗan a kan tabarma, yana shafa mai a tsagaggun hannuwansa.

A shekarar ce ya shiga haƙar zinariya. Damina biyu a jere gonarmu ba ta yi ba, ga shi duk ƙauyen maganar dutse ake yi. Yakan dawo da buhunan duwatsu, Inna, mahaifiyata, da matan maƙwabta su daka su a tsakar gida har su zama gari. Ƙurar ta kwanta a kan katanga, a murfin randa, a ƙafafun Sanusi. Muka fara cin shinkafa da nama ba ranar salla ba. Kaka ta ƙi yarda a daka dutse a turmin hatsi, sai Baba ya sayo wani turmin, amma duka biyun wuri ɗaya suke tsaye.

Wata maraice Kaka ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan ta taho, wa ka tarbo ta?" Muka ce mu ne. Sai ta ba mu labarin wata mata da ta tsinci zomo a daji lokacin fari, ta kawo shi gida. Da ta ba shi ganye ya ci, sai ya tofar da 'yar ƙwayar zinariya kamar gero. Ta ƙara masa, ya ƙara tofarwa. Ta ba shi ganyen lambunta har ya ƙare, ta ba shi hatsin rumbunta, ta ba shi irin da ta ɓoye don shuka. Kullum zomo yana ƙara girma, kullum yana cewa, "Uwar gida, ban ƙoshi ba." Ta kwance jinkar ɗakinta ta ba shi. Ranar da babu sauran abin ci a gidan, ta ɗauki tulun zinariyarta ta nufi kasuwa don ta sayo masa ƙari, ta kwantar da jaririnta a inuwa ta ce wa zomon ya duba mata shi. Da ta dawo, ta tarar da zomo zaune yana tauna. Majanyi kaɗai ne a inuwar.

"Nan ta tsaya," in ji Kaka. "Wanda ya ji ya ɗauka."

Babu wanda ya yi dariya. Na ce, "Kaka, ai zomo ba ya cin mutum."

"Zomo bai ci. Abin da anka saba ba a ce mai a'a, shi ka ci."

Baba ya rufe kwalbar mansa, ya juyo wajen Kaka. "Inna, kina tsorata yara."

"Ba yara nika tsoratarwa ba, Garba."

Ya tashi ya fita masallaci, ko da yake ba a kira isha'i ba tukuna.

Ni dai abin da na ɗauka a labarin shi ne Kaka ba ta ƙaunar zomaye. Don haka na fara ciyar da Rumbu a ɓoye. Duk ranar da Inna ta yi surfe, dusa takan zube a gindin turmi. In Kaka ta shiga sallar azahar sai in share ta da hannu, har da ƙasar wurin, in kai masa. Yana ci yana rawar jiki. Na yi haka kwanaki da yawa, ina jin daɗin cewa ni kaɗai ce ke tausayinsa a gidan.

Wata safiya na zuba masa harawa bai taɓa ba. Na kawo dusa, ya shinshina ya kau da kai. Kwana biyu bakinsa a tsaye, abin da ban taɓa gani ba. A rana ta uku ya fara zagaye wuri ɗaya, kansa a karkace, sannan ya faɗi yana shure-shure. Kafin la'asar ya mutu.

Kaka ta daɗe tana duba shi. Ta buɗe bakinsa, ta taɓa cikinsa, ta ce bai kumbura ba, ba ganye ba ne. Sannan ta juyo gare ni.

"Mi kika ba shi?"

Na faɗa mata ina kuka. Na zaci za ta doke ni. Ba ta ko ɗaga murya ba, ta dai kalli gindin turmin, inda Sanusi yake zaune yana wasa da ƙasa. Da Baba ya dawo, ta ɗauki zomon ta ajiye a gabansa.

"Abin da ya kashe wanga, a ƙasa yake. Ɗanka kuwa ƙasa yake wuni."

"Zomo ne, Inna. Zomaye suna mutuwa ko ba dalili. In na bar dutsen, mi za mu ci?"

Daga ranar Kaka ta riƙa goya Sanusi da kanta, tana wanke masa hannu sau babu adadi. Amma ƙarfinta ya riga ya tafi, shi kuma yaro ne mai son sauka, kuma duk abin da ya tsinta baki yake kai wa. Kafin damina ta faɗi ya fara amai, ya daina cin abinci, sannan ya fara sanƙarewa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce zazzaɓi ne ya hau kai. Baba ya ɗauke shi da Inna a kan babur zuwa Anka. A hanya ya cika. A watan nan gidaje da yawa a unguwarmu sun yi irin wannan rashin.

Daga baya likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce a cikin dutsen. Aka kankare ƙasar tsakar gidanmu aka kwashe, aka kawo sabuwa, ni ma na sha magani na tsawon lokaci. Kaka ta ci gaba da hura wutarta da sanyi, amma in muka ce ta ba mu tatsuniya sai ta ce ta manta su.

Na yi shekaru ina ɗauka cewa labarin nata na mai kwaɗayi ne, kuma ina jin haushin Baba a raina. Sai da na yi aure a Bukkuyum, na ga yadda ake ji in 'ya'ya sun zuba maka ido babu komai a tukunya, sannan na fara gane cewa hani yana da sauƙi ne kawai ga wanda yake da wani abin da zai bayar a madadi. Kaka ta ga haɗarin sarai, amma ba ta da gonar da za ta nuna wa ɗanta.

Bara na je gida, Kaka ta daɗe da rasuwa, na samu Baba ya tsufa ƙwarai. Muna zaune sai na tambaye shi ko ya tuna da tatsuniyar matar nan.

"Na ji ta," ya ce. "Na san da ni take."

"To me ya sa ba ka bari ba, Baba?"

"Mu biyar ne a gidan, hatsi ya ƙare tun kafin azumi. Na ce in ƙara wata ɗaya in bari."

Ban san ko da ni ce a matsayinsa da na iya cewa a'a ba. Tun ranar dai, in na yi wa Sanusi da Kaka addu'a, nakan sa Baba a ciki.