Fiffiken da na zaɓa wa Safiya

Kwana tara ke nan ban yi barcin kirki ba. Ummi ta ce in yawaita addu'a, ina kuwa yi. Amma da na rufe ido, maimakon tekun da abin ya faru a cikinsa, rufin gidanmu na unguwar Nakkasa a Makka nake gani, gidan da yanzu ko bulonsa babu, da kakarmu zaune a gaban kurfoti.

Ina da shekara goma sha ɗaya a lokacin. Safiya, 'yar ƙanwar Ummi, tana da tara. Mahaifiyarta tana aikin gida a unguwar Utaibiyya, sai Juma'a take leƙowa, don haka tare muka tashi, katifa ɗaya. Gidan a kan dutse yake, kafin ka kai ƙofa sai ka hau matakalan da suka fi ƙarfin gwiwar tsohuwa. Da an yi magariba kakarmu za ta hau rufi ta hura gawayi, ta zuba yashi a kasko, ta fara suyar gyaɗar da za ta sayar gobe a bakin titi. Mu aikinmu ƙullawa a leda. Daga can sama ana hango hasken Harami, da ƙugiyoyin gine-gine tsaitsaye kewaye da shi.

Mu da muka tashi da Larabci a baki, Sitti muke ce mata, wato kaka. Ba ta taɓa barin sunan ya wuce lafiya ba.

"Sitti, Sitti," haka take kwaikwayonmu. "Ni sittin na wuce ta tun bara waccan, ja'irai. Ku ce Kaka, bakinku ba ya karyewa."

Ba mu taɓa cewa ba.

'Yar masunta ce daga ƙasar Yawuri, shi ya sa duk tatsuniyoyinta jiƙaƙƙu ne. Ba ta cewa ga ta nan kawai. Sai ta buga ludayi a gefen kasko ta ce, "Ga ta nan ta hito ruwa." Mu ce, "Ta zo ta sha iska." Akwai ta kada, akwai ta dorina, amma wadda Safiya ke nema kullum ita ce ta Ƙawara.

Wai da can kifaye ba su da fiffike, sulɓi ne da su kamar sabulu, duk inda ruwa ya ga dama nan yake kai su. Sai Sarkin Ruwa ya shimfiɗa tabarma a gindin kogi, ya baza fukafukai manya da ƙanana, ya ce kowa ya zo ya zaɓa. Amma kafin ya miƙa wa kowa, tambaya ɗaya yake yi: ina za ka? Giwan ruwa ya ce tsakiyar kogi, inda igiyar ruwa ke da ƙarfi. Aka ba shi dogo mai tauri. Tarwaɗa ta ce cikin taɓo. Aka ba ta mai laushi, wanda ke kwantawa in ta kutsa. Ƙawara kuwa, 'yar mitsitsiya mai yawan tsoro, ta tsaya can baya sai da kowa ya watse.

A nan Sitti take ƙanƙance murya. "Yac ce mata, ke hwa, ina za ki? Tac ce, ranka shi daɗe, nan kusa, ba nisa. Cikin ciyawar bakin gaɓa nika zama, inda tsuntsu ba ya ganina, masunci ba ya ganina. Ba ni ɗan ƙarami, kada shi sarƙe min ga ciyawa."

Aka ba ta. Ta ji daɗinsa rani guda. Da damina ta sauka kogi ya ciko, ya shafe ciyawar, ya ɗauke ta. Tana kaɗa wutsiya tana son ta miƙe, ɗan fiffiken ba ya riƙe ruwa, sai juyawa take yi kamar ganye, gaɓa tana ƙara nisa.

"Sai me?" in ji Safiya.

"Sai ƙurunƙus, kan tarwaɗa a miyar gobe."

"A'a, Sitti. Ta dawo?"

"Wanda yab ba ni labarin bai hwaɗi ba. Ƙulla ledarki, kin cika su da yawa, so kike ki karya ni?"

Kowane dare Safiya sai ta yi tambayar, kowane dare amsar ke nan. Ni kuwa a lokacin na ɗauka labarin wawa ne. Ƙawara ta yi wauta, da ta ɗauki dogo da ta huta. Har na taɓa faɗa. Sitti ta dube ni ta cikin hayaƙi ta ce, "Dogon ma kashe mutum shika yi ga ruwa kaɗan." Ta ci gaba da juya gyaɗarta.

Ta rasu kafin a rushe unguwar. Muka koma haya a unguwar Kudai. Ni ina da iƙama, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin sunan Abba, da ita na yi makaranta har na gama sanawiyya, sakandaren nan ƙasar. Safiya ba ta da ko takardar haihuwa. A Makka aka haife ta, ba ta san wata ƙasa ba, amma in motar 'yan sanda ta shigo layi ita ce ta farko da ke shigewa ɗaki.

Bara na samu aiki a wani wurin shaƙatawa na mata a Abhur, arewa da Jidda. Ana ba da hayar allon ruwa, irin faffaɗan nan da ake tsayawa a kai ana tuƙawa da filafili, da ƙananan da ake hawan igiyar ruwa da su. A ƙarƙashin kowane allo, ta baya, akwai tsaga inda ake zura wani abu mai kama da fiffiken kifi, a ɗaure shi da noti. Larabawa za'anafa suke ce masa. Ranar da mai wurin, wadda muke kira Madam, ta buɗe min akwatinsu, sai da na yi dariya ni kaɗai. Ga tabarmar Sarkin Ruwa.

Ta koya min. Dogo, kamar tsawon tafin hannu da rabi, shi ke sa allo ya miƙe, ko iska ta buge shi ba ya karkacewa da sauri, amma yana son ruwa mai zurfi. Gajere na roba na wurin duwatsu ne da ruwa iya gwiwa, ba ya sarƙewa, sai dai kowane tuƙi ɗaya hancin allon sai ya juya. Masu hawan igiya uku suke sakawa ƙanana, don su juyin suke nema. Ta ce kada in taɓa ɗaura wa mace fiffike ban tambaye ta inda za ta ba. Wannan ba sai an koya min ba.

Tun da na fara aikin Safiya take damuna. Tafiyar awa ɗaya ce tsakaninmu da teku, amma ba ta taɓa ganinsa ba sai a waya, saboda shingen bincike da ke hanya.

"Ya Hindu, sau ɗaya bas. In taɓa shi da ƙafa, khalas, shi ke nan."

"In aka tsayar da mu fa?"

"Ke dai matsoraciya ce. Sitti ta ce jinin ruwa ne da mu, ke kina can kina wanka da shi, ni ina nan ina wanke kwanuka."

Na yi wata uku ina cewa a'a. Ranar Talatar makon jiya na ce to. Muka bi wani direba da ya san hanya, muka isa da sanyin safiya, kafin Madam, kafin mai tuƙa jirgin ceto na wurin, wanda sai ƙarfe goma yake zuwa. Da gangan na zaɓi lokacin, don kada kowa ya tambayi ko wace ce ita.

Da ta ga ruwan ta nufe shi kai tsaye. Ta tsuguna ta ɗiba a hannu ta ɗanɗana, ta tofar, ta yi dariya. Sannan ta hango allunan.

Na sa mata rigar ceto, na ɗaura mata igiyar allon a ƙafa. Na buɗe akwatin. Ta leƙo, ta gane abin da nake gani, ta kumbura murya irin ta Sarkin Ruwa ta ce, "To tambaye ni mana."

"Ina za ki?"

"Nan kusa, ranki shi daɗe, ba nisa."

Muka yi dariya. Wallahi muka yi dariya. Na ɗauki gajeren. Akwai wani lungu bayan katangar wurin, ruwansa iya gwiwa, duwatsu a ƙasa, ba a hango shi daga titi. Can nake so ta tsaya. Da dogon zai kama dutse ya kifar da ita. Abin da na lissafa ke nan, kuma daidai ne. Iskar ce ban lissafa ba. Ban taɓa zuwa da sassafe haka ba, ban san a wannan lokacin daga tudu take busowa ta nufi teku ba.

Na juya in ɗauko waya in yi mata hoto. Da na waiwayo ta wuce ƙarshen katangar. Tana durƙushe a kan allon tana tuƙi, in ta tuƙa ta dama hancin ya juya hagu, in ta koma hagu ya juya dama, iska tana tura ta ta ɓarakar da ke tsakanin duwatsu. Na yi ihu ta kwanta ta yi tuƙi da hannu. Ba ta ji ba.

Na jefar da wayar a yashi, na ja allon da ke kusa, mai dogon fiffike, na hau. Ban yi nisa ba fiffiken ya daki dutse. Allon ya tsaya cak, ni na wuce. Dutsen murjani na ƙasan ruwa ya yanke min ƙauri. Da na miƙe, rigar cetonta ta zama ɗan ɗigon ja a can.

Na dawo gaɓa na ɗauki wayar. Wannan wurin ne ban gaya wa Ummi ba. Na danna lambar masu ceto, na tsaya ina kallonta ban kira ba. Na san abin da za su tambaya in sun tsamo ta. Ban san minti nawa na yi a tsaye ba, jini yana bin ƙafata, ina cewa wataƙila iskar ta juya, wataƙila wani masunci ya gan ta. Sai da ɗigon ya ɓace mini sau ɗaya tsakanin igiyoyin ruwa, sannan na kira.

Sun same ta. Sun lulluɓe ta da bargo, sun ba ta ruwa, babu wanda ya ɗaga mata murya. Bayan haka aka ce ta kawo iƙama. Ta ce ta manta a gida. Aka ɗauki hoton yatsunta.

Yanzu tana gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. Mahaifiyarta ba ta iya zuwa ganinta, don ita ma ba ta da takarda, shiga za ta yi ba fita. Ba ta zage ni ba. Ta zo gidanmu ta zauna a bakin ƙofa, ta tambaye ni ko Safiya ta ji daɗin ruwan kafin abin ya faru. Na ce ta ji. Ta ce to.

Shekaranjiya Safiya ta kira da wayar wata mata. Muryarta ta dushe.

"Hindu, ƙafarki fa?"

"Da sauƙi. Safiya, ni ce na..."

"Ma'alesh, bar wannan, minti biyu aka ba ni. Sun ce in rubuta garin da za ni in an sauke mu. Mene ne sunan garin Sitti?"

Na tambayi Ummi. Ummi a nan aka haife ta, ta ce ita dai ƙasar Yawuri ta sani. Na tambayi Abba, bai sani ba. Duk shekarun nan da muka yi a gaban kaskonta, mun san sunan kowane kifi na kogin, babu wadda ta taɓa tambayar sunan garin.

A daren nan Ummi ta gaya min abin da ban taɓa ji ba. Ranar da Sitti za ta taho aikin hajji da mijinta, tana 'yar ashirin da 'yan kai, ƙullin kaya ɗaya ta ɗauka. Ta bar kifinta a kan ragar banda, ta ce wa uwarta a riƙa juya mata shi, kwana arba'in ne ta dawo. Mijin ya rasu a nan, guzuri ya ƙare, kwana arba'in suka zama shekara arba'in.

Da ina ganin labarin wawa take ba mu. Yanzu ina ganin ta san Ƙawara ba ta yi wauta ba. Ta faɗi gaskiyar inda take nufin zuwa, aka ba ta abin da ya dace da wurin, kuma mai tsoron a gan shi kullum gajeren zai ɗauka. Ni ma shi na ɗauka mata. Na kuma gane abin da ya sa tsohuwar ba ta taɓa amsa tambayar Safiya ba, tana zaune a kan dutsen Nakkasa tana suyar gyaɗa, kogin nata yana can.

An ce jirgin saman da zai mayar da su ranar Lahadi ne, kuma jaka ɗaya aka yarda a kai mata. Tun jiya nake zuba kaya ina kwashewa. Ban san irin sanyin can ba, ban san irin ƙasar da za ta taka ba. Ummi ta leƙo ta ce in sa kaɗan kawai, in sha Allahu ba daɗewa za ta yi ba.

Na bari ta fita, na ɗauko babbar jakar.