Wayar Ɗakin Baba

A bazarar da Baban maƙwabtanmu ya kwanta ciwo, babban ɗansa ya sayo esi, na'urar sanyaya ɗaki, irin mai tsayuwa a ƙasa kamar firij, ya aiko a kira ni. Gidansu tsohon ginin ƙasa ne a Mandawari, ni kuwa shekara ashirin ina musu gyaran wuta. Ɗakin Baba ba taga sai 'yar kafa. Na same shi a kan katifa, jiƙaƙƙen tawul a ƙirjinsa, Hajiya matarsa tana masa fifita.

Bokona bai wuce firamare ba, amma na iya karanta ɗan allon da ke manne a jikin na'ura. Sau uku na karanta shi. Bireka mai lamba talatin da biyu take so, wato makunnin da ke yanke wuta in nauyi ya yi yawa. Wayar da ke cikin bangon kuwa siririya ce, ta ƙwan fitila da fanka, birekarta mai lamba goma. Muna kunna na'urar sai birekar ta faɗi.

Alhaji, wato ɗan, ya ce in cire ƙaramar in sa babba kawai. Na yi masa bayani cewa bireka waya take tsaro. In ta fi ƙarfin wayar, wayar za ta yi zafi a cikin bango ba wanda ya sani, ga rufin azara ne, ga mutum kwance ba ya iya tashi.

"Malam, kwana biyu fa kawai," in ji shi. "Kana ganin yadda yake numfashi."

Na ce ba zan iya ba, amma gobe zan ja sabuwar waya mai kauri tun daga mita.

Washegari na sayo wayar. Har na fara kafa ta a bangon zaure sai zuciyata ta ƙi kwanciya da rashin nauyinta. Na kankare bakinta da wuƙa, sai ga fari a ƙarƙashin ja: alminiyam ce aka shafa mata tagulla. Wani ma'aikacin zai ce ai za ta ɗauka. Wataƙila ma ta ɗauka ɗin. Ni dai na ɓamɓare ta na mayar, ranar kuma Juma'a ce, shagon da na yarda da shi bai buɗe ba bayan masallaci.

Da na leƙa in ba da haƙuri, Baba ya ɗaga hannu da ƙyar, ya ce har yanzu ina nan da tsorona. Murmushi ya yi, ban san ko tsokana ce ba.

Ranar Asabar da hantsi ina tahowa da nannaɗen waya a kafaɗa, na ga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Likita ya ce zuciya ce. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, ni ma na yarda. Amma na sha zama ina lissafin ko siririyar wayar nan za ta iya jure kwana biyu, lissafin kuma kullum ba ya fitowa iri ɗaya.

Bayan sadakar bakwai Hajiya ta aiko in zo in ƙarasa aikina, domin a ɗakin take takaba. Ta koma tsakar gida, na ja wayar, na ɗaura babbar birekar, na kunna. Na tsaya ina taɓa wayar da bayan hannu har rabin awa. Ba ta ko yi ɗumi ba.

Da na fito Hajiya ta koma ɗakin. Can daga bayan labule ta ce, "Sannu, Malam. Rage sanyin kaɗan, ya yi mini yawa."