Rakiyar Madam Beryl

Muniratu ba ta taɓa taka ƙasar Ingila ba, amma tambaye ta garin York ko Bath ka sha labari, sai ka rantse can aka binne cibiyarta. 'Yar unguwar Nima ce ta Accra, tana zaune a unguwar Park Hill ta New York, aikinta kula da wata tsohuwar Baturiya haihuwar Ingila, Madam Beryl, wadda mantuwa ta ci ƙarfinta har 'yarta Jillian ma ba ta ganewa. Amma garuruwan nan, ko ɗaya bai ɓace mata ba. Wai tana yarinya, in sanyi ya shigo, babansu kan kwashe su ran Asabar su je buɗe ido wani gari, su dawo da yamma.

To, sanyin New York na kamawa, sai tsohuwa ta rataya jaka ta nufi ƙofa. Har maƙwabta sun taɓa tsinto ta a titi da silifas. Jillian, da ke zaune a wata jiha, ta yanke hukunci ta waya: a kulle ƙofa, in kuwa Mama ta sake fita, gidan tsofaffi za a kai ta. Muniratu ta yi aiki a irin gidan. Ta ga yadda mutum ke shiga da surutunsa, ya yi shiru, ya ƙare.

Amma ta kulle babba kamar akuya? A gidansu, in tsohuwa ta tashi za ta unguwa ba a ce mata a'a, rakiya ake yi. Wata Asabar Madam ta tsaya a bakin ƙofa tana kuka, wai jirgin ruwan Portsmouth zai tashi ya bar ta. Muniratu ta kira yayarta Rukaya.

"Ei, Muni, kar ki try kraa, ko da wasa!" in ji Rukaya. "In ta kama cold fa? Agency ɗin da suka ba ki aikin su sack ki, ita kuma a kai ta nursing home. Me kika gyara?"

Muniratu ta ce to, ta kashe waya, ta ɗauko rigunan sanyi. Ta naɗe Madam kamar jaririya, suka hau bas zuwa tashar jirgin ruwan da ke tsallakar da mutane zuwa Manhattan. Tsohuwa ta yi tari ɗaya, ita ta karanta duk addu'ar da ta zo bakinta.

A jirgi Madam ta ƙi zaman ciki. Waje take so, inda iska ke yankan kunne. Ta kama ƙarfe tana nuna dogayen benayen Manhattan, tana kiran sunayen titunan ƙuruciyarta. Muniratu ta riƙe ta ta baya da hannu biyu, ga sanyi, ga gumi na bin bayanta.

Sai waya ta ɗau ƙara. Jillian ce, kiran bidiyo kuma. In ta ƙi ɗauka, maƙwabta za a kira su leƙa gida. Ta ɗauka.

Jillian ta ga ruwa, ta ga sararin sama. "Muniratu, ina kika kai min uwa?"

Shi ke nan, Muniratu ta jawo wa baiwar Allah abin da take gudar mata. Tana neman kalmar haƙuri, Madam ta leƙo da kai cikin wayar, ta ƙura ido, ta ɗaure fuska irin ta uwa.

"Jilly! Ina safar hannunki? Maza ki sa, mun kusa Portsmouth."

Rabon da ta kira sunan nan, Muniratu ba ta ma iya tunawa. Jillian ta toshe baki da hannu.

"Na sa, Mama," ta ce.

Muniratu ta ce, "Ki yi haƙuri, yanzu zan mayar da ita gida."

"A'a," in ji Jillian. "Ki ja mata mayafin wuya. Kuma kar ki kashe wayar, ki riƙe ni haka har mu isa."